Wankin Kaset a Khalidiyya

A shekarun da na yi ina aikin ɗakin magani a wani asibiti a Madina, babu gidan silima ko ɗaya a ƙasar, don haka duk kallonmu na kaset ne. Mu 'yan Najeriya mazauna unguwar Khalidiyya muna da wata al'ada da har yau ban manta da ita ba. Ba a saka kaset a gaban iyali sai an kai shi wanki. Mai wankin kuwa mutum ɗaya ne, wani mai gyaran na'urorin asibiti ɗan jiharmu, wanda kowa ke kira Injiniya. Bidiyo biyu gare shi a falo, ɗaya a kan ɗaya. Zai saka kaset ɗinka a na sama, sabo a na ƙasa, ya zauna da kofin shayi yana kwafa. Da mace ta fito ba mayafi sai ya miƙa hannu ya zare wayar hoto, allo ya yi baƙi ƙirin, magana kuwa ta ci gaba. In ta wuce ya mayar da wayar. A ƙarshe ya ba ka wankakke da na asali, ya ce na asalin ka ɓoye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Mutane suna ta sa masa albarka, wai don Allah yake yi, ko sisi ba ya karɓa. Ni dai abin da na lura da shi shi ne, duk faɗin Madina babu wanda ya kai Injiniya ganin abin da aka ce kada a gani. Ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla, wai don ya tabbatar da inda zai zare wayar. Na taɓa faɗa wa matata haka, ta ce in ji tsoron Allah in daina cin naman mutane. Amma ban canza ra'ayi ba.

Ni ma ina da nawa ciwon, wani Bature ɗan Ingila mai shirya finafinai. Lokacin da nake karatu a can, a wani gari da ruwan sama ba ya gajiya, talabijin kan saka tsofaffin finafinai da rana, a nan na haɗu da aikinsa. Da gajerun finafinai na sojoji ya fara, lokacin yaƙin duniya na biyu. Da aka gama yaƙin sai ya koma kan 'yan dakon tashar jiragen ruwa, da matan da ke wanki a gidajen haya, da ƙananan akawuna masu kwat ɗaya tal. Duk baƙi da fari ne. Abin da ya kama ni da shi shi ne yadda yake tsayar da kyamara a kan fuskar talaka, ya ƙi ɗaukewa, har kai mai kallo ka fara jin kunya. Daga baya ya yi suna, aka sakar masa kuɗi, ya shiga finafinan launi da na ban dariya, ya yi ɗaya a Afirka, daga nan ya kama gangara. An ce da tallan sabulu ya ƙare. Kusan duk finafinansa na ɗauke su a kaset da hannuna daga talabijin, na zuba su a akwatin ƙarfe na bari a gidanmu a Zariya.

Na Afirkan shi ne wanda na fi tsana. Labarin wani Bature ne mai neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa a Sudan, da matarsa da zafi ya hana sakat. Mutumin da ya iya tsayawa a kan fuskar mai wanki ta ƙasarsu, da ya zo wurin baƙar fata sai ya mayar da su kamar itatuwan bakin hanya, suna nan dai don kada wuri ya zauna fili. Sau ɗaya na kalle shi na jefa cikin akwati.

A unguwar Aziziyya akwai wani dattijo da ke mana ɗinki, muna ce masa Baba tela. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kusa da mai gasa gurasa, kullum akwai zafi. Iyayensa sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin Hajji, suka yada zango a Sudan shekaru suna noman auduga don haɗa guzuri, a can ya yi wayo. Hausarsa irin ta mutanen da ce, sai dai Larabci ya shiga cikinta ko'ina. Duk mai sa farar rigar asibiti Likita ne a wurinsa, har da ni.

Wata rana na je karɓar ɗinki, ana hirar bidiyo a shagon, sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai daga keke ba, "Ni ma Innata ta taɓa shiga silima."

Na yi dariya, don na ɗauka raha ce.

"Wallahi, Likita. Nasara suka zo ƙauyenmu da motoci da wani akwati mai ƙafafu. Babbansu gajere ne, mai jar fuska, kullum lofe a baki. Ya hango Inna ta taso daga rijiya, tulu a ka, ƙanwata a baya, ya ce ta wuce ta gabansu. Ta wuce, ya ce ta sake. Ta sake, ya ce ta sake. Ya'ani har rana ta take, yarinya na tsala kuka, Inna ta cika ta yi fam. Ina tsaye ina gani. Akwai wata Baturiya a cikin mota, ta zuro ƙafa waje, ana zuba mata ruwan sha tana wankewa. Ruwan sha fa, Likita, a garin da ake kwana a layin rijiya!"

Dariyar ta tsaya mini. Na san Baturiyar nan da ƙafarta, na san motar.

Na tambaye shi ina Innar take yanzu. Ya ce ba ta ga Ka'aba ba, a bakin teku suka binne ta suna jiran jirgin da zai ƙetare da su. Babu hotonta ko ɗaya, wa yake da abin ɗaukar hoto a cikinsu a lokacin?

"Muryarta tana kunnena har gobe," in ji shi. "Amma fuskar ta gudu, khalas. In na rufe ido, tulun kawai nake gani."

Na ce masa ba alkawari na yi ba, amma ina zaton fim ɗin nan yana akwatina a Zariya. Ya ajiye almakashi, ya dube ni. Ranar dai da ƙyar ya yarda ya karɓi ladan ɗinkinsa.

Da na je hutu na zazzage akwatin, na samo kaset ɗin, Allah ya taimaka danshi bai taɓa shi ba. Na saka a gidan yayana. Bayan an nuna ƙafar Baturiya sai kyamara ta juya wajen rijiya, sai ga ta. Doguwa ce, baƙa, zane ɗaure a ƙirji, goyo a baya, ba ɗankwali sai gammo da tulu. Ta ratsa allo a hankali, da ta zo tsakiya ta juyo ta watsa wa kyamara wata harara da ni kaina sai da na gyara zama. Duka-duka bai kai tsawon karanta Fatiha ba. Baturen ya danne wurin da kiɗan goge irin nasu, ko tarinta ba a ji, amma fuskar ta fito tar, har da tsagar kumatunta.

Da na dawo, a filin jirgi ma'aikacin da ke duba kasusuwa ya saka shi a na'ura, ya tura gaba da gudu, ya ga tsofaffin Turawa da gajerun wanduna suna auna ƙasa, ya yi hamma ya miƙo mini abina.

Niyyata in ɗauko Baba a ranar da na sauka, in kai shi gidana mu kalla mu biyu. Ya ƙi. Ya ce ba zai ga Inna shi kaɗai ba alhali ƙanwarsa tana garin Yambu, ita da ke goye a bayan, ita da ba ta ma san ta ba gaba ɗaya. Ga 'ya'ya, ga jikoki. A bari sai Alhamis, mijinta ya kawo ta. Na ga gaskiyarsa. Sai dai gidana ɗaki biyu ne da falo, ba zai ɗauki wannan taro ba. Gida ɗaya ne a cikinmu mai babban falon maza, da waya da aka ja ta bango zuwa wani talabijin a ɓangaren mata, shi ne gidan Injiniya. A gidansa kuwa ba a saka kaset sai wankakke.

Na kai masa da kaina, na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce Baturiyar ya yi yadda ya ga dama da ita, ba ta dame ni ba. Amma matar da ke bakin rijiya mahaifiyar Baba tela ce, saboda ita kaɗai ake taron.

"Tayyib, tayyib, Dakta," in ji shi yana shafa gemu. "Bar mini kawai."

Ranar Alhamis bayan La'asar falon ya cika. Likitoci, malaman jami'a, da wasu 'yan Chadi abokan Baba, ga gahawa ga dabino ana zagayawa da su. Baba ya zo cikin sabuwar farar riga da ya ɗinka wa kansa, yana ta ƙamshin turare kamar ranar Idi. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a kan darduma dab da talabijin. 'Ya'yansa maza, haifaffun nan, suka jeru a bayansa, yana musu magana da Hausa suna amsawa da Larabci. Ta bayan ƙofar da ta raba mu da mata ana jin muryar ƙanwarsa tana tsawata wa yara.

Aka saka fim. Ni ne tafinta, ina faɗa musu abin da Turawan ke cewa a taƙaice. Kusan rabin fim ɗin duhu ne, don duk inda Baturiya ta leƙo Injiniya ya zare waya, amma mun saba da haka, ba wanda ya damu. Can sai aka nuno ƙauye daga nesa. Baba ya miƙe a kan gwiwoyinsa.

"Ga tsamiyar nan! Ga gidan mai unguwa! Yara, ku duba, a nan nake kiwon awaki. Ga rijiyar, wallahi ga ta!"

Motar ta tsaya, allo ya yi baƙi. Na ce a raina wannan ƙafar Baturiya ce, yanzu hoto zai dawo. Kiɗan goge ya taso. Na san kiɗan nan, na san daidai inda take shigowa, na san inda take juyowa ta yi hararar. Allo na nan baƙi. Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, babu abin da yake gani sai inuwar fuskarsa. Kiɗan ya sauka, hoto ya dawo a kan Baturen yana goge gumi da hankici.

Sai muryar ƙanwarsa ta ratso ƙofa.

"Yaya, mun iso wurin ne? Namu talabijin ɗin ya ɗauke."

Na juya wajen Injiniya na ce ya ɗauko na asalin yanzu-yanzu, an samu kuskure. Sai ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya haɗa hannuwa a ciki kamar mai shirin huɗuba.

"Jama'a, ba kuskure ba ne. Mahaifiyar Baba mahaifiyarmu ce duka. Na ga yadda kafirin nan ya ɗauke ta, kai a buɗe, kafaɗu a waje. Wane ne a cikinmu zai so a haska uwarsa haka a gaban maza, kuma a garin Manzon Allah? Ni dai ban iya ba. Na suturta ta. Na asalin ma na bi na shafe wurin, don kada wani ido ya sake faɗawa kanta har abada."

Wani malamin jami'a ya ce, "Masha Allah." Wani ya ce, "Allah ya suturta ka kai ma." Kan ka ce me, falo ya ɗauki addu'a, mutanen da suka yi shekaru a makaranta, masu digiri bisa digiri, suna gyaɗa kai. Sannan duk suka juya suna kallon Baba, suna jiran nasa.

To me zai ce? Ya buɗe baki a gaban 'ya'yansa da manyan mutane ya ce shi ya fi so a bar uwarsa ba mayafi kowa ya gani? Injiniya ya riga ya toshe masa kowace ƙofa. Ya koma ya zauna a kan dugadugansa, ya sunkuyar da kai, ya ce da wata ƙaramar murya, "Na gode, Injiniya. Allah ya saka da alheri."

"Amin, amin, Baba. Ai yi wa kai ne."

A rayuwata na ga abin ƙyama iri-iri, aikin asibiti ba ya barin mutum da sauran ƙyanƙyami. Amma ban taɓa ganin abin ƙyama irin na wannan rana ba. An ƙwace wa dattijo abin da ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana nema, aka kuma sa shi ya yi godiya. Baturen da ya gasa ta a rana don ya cika gefen hotonsa, duk da wulaƙancinsa, ya bar mata fuskarta. Namu, mai sallah a sahun gaba, shi ya ƙarasa ta. Zane ne a jikinta irin wanda kakata ta ɗaura har ta mutu, irin wanda kakar Injiniya ma ta ɗaura, in zai faɗi gaskiya.

Na kasa haɗiyewa. Na ce masa, a gaban kowa, "Injiniya, sau nawa ka kalle ta kafin ka shafe?"

Fuskarsa ta canza. "Ittaƙillah, Dakta!"

Wani likita ya ja hannun rigata yana cewa haba, haba, ba girmanka ba ne. Wani ya ce shaiɗan ne, a yi salati. A wurinsu ni ne na ɓata taro. Aka shimfiɗa leda, aka shigo da manyan farantan shinkafa da naman rago, mutane suka naɗe hannun riga suka hau ci kamar ba abin da ya faru. Fim na ta yi shi kaɗai a gefe, Bature ya samu ruwansa, ƙauye na ta murna, allo na ɗaukewa yana dawowa. Ban sa hannu a abincin ba. Baba ya ɗauki loma ɗaya don kada a ce ya ƙi, ya riƙe ta a hannu. Daga baya matata ta ce ƙanwar tasa ko zama ba ta sake yi ba, ta ja mayafinta ta sauka ta zauna a mota, ana jin kukanta tun daga matakala.

Na karɓi kaset ɗina na asali, na duba a gida ko da saura. Babu. Wurin ya koma yayyafin fari da baƙi da ƙara shuu, ya haɗa har da ɗan gaba da ɗan baya don kada a samu kuskure. Na aika wa duk wanda na sani a Ingila, aka zaga shaguna, aka ce wannan fim ɗin ba a taɓa buga shi don sayarwa ba, ko masoyan mutumin ba sa ambatonsa. Lokacin da fim ɗin ya fito a faifai, Baba ya riga ya kwanta a maƙabartar Baƙi'a. Gidan Injiniya kuwa ban sake taka shi ba, gaisuwa ma sai in ta zama dole. Wankinsa bai tsaya ba, mutane suka ci gaba da kai masa har kaset ya daina yayi.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, da aka kira Magariba, muka fito zuwa masallacin unguwa. Jama'a suka yi gaba suna hirar farashin tikitin jirgi. Baba na tafiya a hankali, ni kuma na rage sauri don kada in bar shi shi kaɗai. Muka wuce mai sayar da lemo, muka wuce wani shagon wanki. Sai da muka zo bakin ƙofar masallaci ya tsaya, ya kama hannuna.

"Likita, kai ka gan ta."

"Na gan ta, Baba."

Na shirya in faɗa masa komai, tsayinta, tsagarta, hararar da ta yi. Na ga shi ma tambayar tana bakinsa. Amma bayan abin da aka faɗa a falon nan, ta yaya zai ce wa wani namiji ya siffanta masa uwarsa? Sai ya tambaye ni yadda ake tambayar wanda ya dawo daga gida.

"Ka same ta lafiya?"

Na ce, "Lafiya ƙalau, Baba."

"To, madalla," in ji shi. Ya saki hannuna, ya sunkuya yana cire takalmi.